Kircin yara: wane furotin ake aunawa a fata?

Ɗalibin Awo, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum malamai. Da hunturu ya kama, yara masu ƙaiƙayi a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa kan yawaita a asibitocin Katsina. Wane furotin ake aunawa don tabbatar da kircin da likitoci ke kira atopik, kuma yaya ake ɗaukar samfurin?

Likitar Fata:
Wa alaikumus salam, ɗana. Har yau ido da tambaya ne ke gane cutar, awo tsananinta kawai yake nunawa. Furotin filagirin shi ke haɗa ƙwayoyin saman fata, idan ya narke ya zama sinadarin riƙe danshi. In ya yi ƙaranci sai fata ta bushe ta tsage, ƙura ta samu ƙofa. Amma a kula: lahanin gado na filagirin da aka gano a 2006 tsakanin Turawa ya yawaita, ba kasafai ake samunsa a 'yan Afirka ba. Rashin wannan lahanin bai wanke yaro daga cutar ba. Furotin da ya fi bin hawa da saukar ciwon shi ne TARC, wato CCL17, mai kiran ƙwayoyin garkuwar jiki zuwa fata. Mu ya fi yi wa amfani, domin jan fata ba ya fitowa sosai a baƙar fata, sai a raina ciwon.

Mai Awo, Daura:
Ƙari kan bayanin Hajiya, ba a yanka fata. Faifan salatif ake mannawa, irin D-Squame mai faɗin milimita 22, a danna daƙiƙa 10 da ƙarfi iri ɗaya, a ɗaye. A maimaita a wuri guda kamar sau 8 zuwa 10, a jefar da na farko saboda datti da mai. A ɗauki wani a lafiyayyen wuri don kwatance. Kowane faifai ya shiga kwalbarsa, sai firiza mai digiri 80 ƙasa da sifiri. Nan ake samun matsala: wuta ta ɗauke, samfur ya narke ya sake daskarewa, furotin ya lalace. Kuma a raba sakamakon da jimillar furotin ɗin faifan, don wani ya fi wani kwasowa.

Likitar Fata:
Haka ne, Malam. Kuma a tambayi uwar yaro me take shafa masa. Man da ke da sitirod, maganin rage kumburi, yana sauke TARC, awo ya yi kyau alhali ciwo na nan. IgE na jini kuwa, furotin garkuwar jiki da kirci ke ɗagawa, kada ka dogara da shi, tsutsar ciki ma tana ɗaga shi. Kafin komai a duba tsakanin yatsu, a tambaya ko 'yan ɗakinsu ma suna susa da dare, domin ƙazwa ba awon furotin take buƙata ba.