Shin sai mutum ya yi suna ake kiransa jarumin bangaskiya?

Wata uwa daga Tudun Wada, Jos:

Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. A makon jiya ɗana mai shekara 11 ya dawo daga makarantar Lahadi, inda aka koya musu labarin Dauda da Goliyat, sai ya tambaye ni ko akwai jarumi a danginmu. Na rasa abin da zan ce masa. Zuciyata ta tafi ga mahaifiyata, wadda ta tsufa tana sayar da tumatir da kabeji a kasuwar Farin Gada. Ba ta taɓa yin wa'azi a gaban taro ba, ba a kuma taɓa kiran sunanta ranar gidauniya ba, amma kowace asuba takan durƙusa a gefen gado ta ambaci 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, kuma takan kai wa majinyata kunu a asibitin Jankwano ko da ba ta san su ba. Shin daidai ne in kira ta jaruma, ko kuwa ƙauna ce take sa ni zuzuta abin?

Wani dattijon ikilisiya daga Bukuru:

'Yata, ki kira ta hakan da gaba gaɗi. A Markus sura 12, Yesu yana zaune yana kallon masu arziki suna zuba kuɗi masu yawa a baitulmali, amma gwauruwar da ta saka anini biyu ita ce ya nuna wa almajiransa. Tabita kuma, da ta rasu a Yafa, riguna da tufafin da ta ɗinka ne gwauraye suka riƙa nuna wa Bitrus suna kuka. Na daɗe ina lura cewa irin waɗannan mata na Zumuntar Mata su ne suke riƙe da ikilisiyoyinmu.

Wani malamin makaranta daga Barikin Ladi:

Baba, na ji bayaninku, amma ku yi mini afuwa, ina ganin kalmar tana da nauyin da ya kamata mu kiyaye. Jarumtaka takan bayyana ne inda rai yake cikin haɗari. A watan Fabrairun 2018 aka sace 'yan mata a Dapchi, aka sako sauran, aka riƙe Leah Sharibu saboda ta ƙi musun bangaskiyarta. A watan Yunin shekarar, a nan yankinmu, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya fito ya tari maharan da kansa. Mahaifiyar 'yar'uwarmu mai aminci ce, kuma aminci ba ƙaramin abu ba ne, sai dai sunansa dabam.

Dattijon ya sake cewa:

Ɗana, maganarka tana kan hanya, amma ka tambayi kanka inda yarinya 'yar shekara 14 ta samo wannan ƙarfin zuciya. Ba a daji ta koye shi ba. Akwai waɗanda suka riƙa koya mata addu'a tun tana ƙarama, kuma yawancinmu ba mu san sunayensu ba.

Uwar da ta yi tambaya:

Na gode, Baba, na gode, Malam. Ranar Asabar zan kai yaron Farin Gada, ya zauna a rumfar kakarsa ya tambaye ta da bakinsa.