Hervé Renard: gwanin koci ne, ko sa'ar fenareti ce ke ɗaukarsa?

Ɗan Gola: Ni fa ban yarda da kirarin da ake wa Renard ba. Kofin Afirka biyu da ya ci, da Zambiya sannan da Kwaddibuwa, duk a bugun fenareti ne: Zambiya ta ci Kwaddibuwa 8-7 a 2012, Kwaddibuwa ta ci Gana 9-8 a 2015, duka bayan canjaras babu ci. Da Drogba bai ɓarar da fenaretinsa a wasan ƙarshe na 2012 a Libreville ba, wa zai san Renard? Da ya koma gida Faransa ma, Sochaux ta faɗi daga Ligue 1 a hannunsa a 2014, Lille ta kore shi a Nuwamba 2015 da maki 13 a wasa 13.

Malam Koci: Yaya Ɗan Gola, fenareti ai sai ka rayu minti 120 kafin ka kai gare shi. Dubi inda yake fara gyara: baya. A 2015 Drogba ya riga ya yi ritaya, tsaron bayan Kwaddibuwa na yoyo, sai Renard ya koma 'yan baya uku, ya sa Kolo Touré yana jan yara biyu, Eric Bailly da Wilfried Kanon. A Maroko kuwa, wasa shida na zagayen ƙarshe na neman gurbin Kofin Duniya na 2018 ba a zura musu ƙwallo ko ɗaya ba, har da 2-0 da suka ci Kwaddibuwa a Abijan. Sa'a ba ta maimaita kanta haka.

Ɗan Gola: To me ya hana wannan gyaran aiki a Lille?

Hajiyar Tebur: Saboda aikin biyu ne daban, Yaya. Kocin ƙasa yana samun 'yan wasa kwana tara a hutun FIFA, wasa biyu, atisaye na gaske bai fi uku ba. Don haka abin da ke da sauƙin haddacewa yake koyarwa: tazara tsakanin layin baya da tsakiya, wa zai riƙe wa a kwana, inda za a jefa ƙwallo da zarar an ƙwace. A gasa ta wasa shida ko bakwai wannan ya isa. Lig mai wasa 38 kuwa, kowa zai kalli bidiyonka, ƙananan kulob su koma gida su bar maka ƙwallo. A nan sai kana da tsarin buɗe su, kuma canjaras maki ɗaya yake bayarwa, babu fenaretin da zai kai ka zagaye na gaba.

Malam Koci: Hajiya ta taɓo wurin. Ƙara da zaman sansani. Kafin Kofin Duniya na 2022, lokacin Renard yana kocin Saudiyya, ƙasar ta dakatar da lig ɗinta da wuri, 'yan wasan duk a gida suke bugawa, da yawansu Al Hilal. Shi ya sa tarkon satar gida ya kama Ajantina: layin baya ya hau sama tare, aka soke musu ƙwallo uku kafin hutu, sannan Al-Shehri da Al-Dawsari suka ci 2-1. Da ɗan baya ɗaya ya makara da taku guda, da tarkon ya watse.

Ɗan Gola: Amma Poland ta ci Saudiyya 2-0, Meziko 2-1, suka koma gida. Zambiya ma a 2013 canjaras uku ta yi, ta fita tun a rukuni tana riƙe da kofi.

Kawu Alƙali: Kuma Benin ta fitar da Marokonsa a 2019, a fenareti, bayan Ziyech ya buga wani a ƙarfe gab da tashi. Kun ga fenaretin ma ba kullum yake masa rana ba. Raunin Renard guda ne: ranar da aka ce shi ne babba, ƙwallo a ƙafarsa, sai ya rasa ƙofa.

Hajiyar Tebur: Kawu, Kwaddibuwa ta 2015 fa? Yaya Touré, Gervinho, Bony, su ne manya, kuma sun zura wa Aljeriya uku, Kwango ta Kinshasa uku.

Kawu Alƙali: Aljeriya ce ta riƙe ƙwallo a wasan nan, 'yata. Koma ki kalle shi.