Ni da kamfanina, sai na nuna fuska?

Alhajin Apapa: Assalamu alaikum. Jama'a ku ji abin da ya hana ni barci. Shekara shida ke nan ni da ɗan yayana da ke Mancesta muka buɗe kamfani a Ingila, da shi muke sayen tsofaffin injinan mota muna loda kwantena zuwa tashar jiragen ruwa ta Tin Can a nan Legas. Ko sisin wani ba mu taɓa ci ba. Jiya akawun da ke riƙe mana takardu ya aiko wai ba zai shigar da takardar shekara ba sai na tabbatar ni ne ni, in nuna fuska in nuna fasfo, kuma in shi zai yi mini sai na biya shi daban. Ni da kamfanina, da gumina? Wallahi mulkin mallaka ne ya dawo ta bayan fage.

Baban Khalifa: Allah ya huci zuciyarka Alhaji. Baƙar fata kawai suka raina.

Barista Ikeja: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, ba kai kaɗai ba ne. Doka ce da majalisarsu ta yi a 2023, ta zama dole daga 18 ga Nuwamba 2025. Duk daraktan kamfanin da ke rajista a Companies House, wato hukumar rajistar kamfanoninsu, da duk mai fiye da kashi 25 cikin 100 na hannun jari, sai ya tantance kansa, Bature ne ko Bahaushe. In ka bi ta GOV.UK One Login, manhajar gwamnatinsu, da wayarka kyauta ne, kuma suna karɓar fasfo mai na'ura na kowace ƙasa. Ka gama su ba ka lambarka, ka miƙa wa akawun. Dalilinsu shi ne a da mutum yana iya buɗe kamfani da sunan wani ba wanda ya duba.

Malam na Idi-Araba: Ni kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya. Alhaji, ka san abin da ake kira mulkin mallaka kuwa? A 1861 aka sa Oba Dosunmu ya miƙa wa Turawan Ingila garin Legas ɗin nan da muke zaune. A 1903 aka ci Kano, aka ci Sakkwato, aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi aka kashe shi da jama'arsa. Shi ne za ka haɗa da ɗaukar hoto a waya? Kai ka kai kanka ƙasarsu, ba su suka zo maka da bindiga ba.

Baban Khalifa: Malam ai ka ɗaure kanka da kanka. Kafin Gwamna Lugga wa ya riƙe bakin kogin Kwara? Ba kamfanin Royal Niger ba ne? Da takarda da sa hannu suka fara, bindiga daga baya ta zo. Yau fuska, gobe me?

Malam na Idi-Araba: To wa ya tantance masu wancan kamfanin? Da an tambaye su su wane ne da abin bai kai haka ba.

Ɗan Marina: Malam gyara zancenka, ba "cin Kano" aka yi ba. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Garin da babu sarkinsa aka shiga.

Basakkwace Alaba Rago: Kanawa ke nan. An ci ku an ci ku, ba sai an yi wa zance kwalliya ba. Mu dai sarkinmu a fagen daga ya cika.

Ɗan Marina: Wazirin Kano Ahmadu fa, a gado ya mutu? Je ka tambayi Kwatarkwashi inda ya cika a fagen daga. Kai da ragunan layya kawai ka sani.

Basakkwace Alaba Rago: Ragon da kake ci bashi duk Babbar Sallah? Har yau na bara bai fito ba.

Maman Ummi Mile 12: Don Allah ku bar yaƙin kakanni. Ni abin ya taɓa ni a jikina. Ƙanena yana gadi a Lekki, maigidansa ya karɓi katinsa wai zai buɗe masa asusu, ashe darakta aka sa shi a kamfanin da ko ƙofarsa bai sani ba. Da bashi ya tashi shi aka zo nema. Kwana biyu ya yi a tsare kafin muka samu mai tsaya masa. Ni da ina da iko, duk mai kamfani sai ya zo da fuskarsa. Mu masu POS ba a tilasta mana rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni tamu, a 2024 ba? Wa ya ce mulkin mallaka a lokacin?

Barista Ikeja: Hajiya ta yi gaskiya. Dokar kamfanoni tamu ta 2020 ma ta ce mai kashi 5 cikin 100 sai an bayyana sunansa, kuma ba ka rajista a CAC babu NIN.

Baban Khalifa: Hajiya wannan habaici ne. Kina nufin Alhaji aron suna yake yi?

Maman Ummi Mile 12: Ni ban kama sunan kowa ba. Wanda ya tsargu shi ya sani.

Alhajin Apapa: Subhanallah. Ni za a ce na tsargu? Ni da na biya rabin kuɗin rufin masallacin unguwa?

Ɗan Marina: Tunda an zo nan, kuɗin da muka tara na gobarar kasuwa fa? Wata huɗu ba a kawo lissafi ba.

Basakkwace Alaba Rago: Ka biya rago tukuna ka tambayi lissafi.

Ɗan Marina: An goge wannan saƙo.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, na rufe zaure sai bayan Isha. Ga abin da aka tsayar. Alhaji dattijo ne, surukina ne kuma na san cinikinsa, an ɓata masa rai kuma yawancin jama'a sun yarda cewa raini ne a ce mutum irinsa ya riƙa nuna fuska kamar mai laifi. Barista ya kawo bayanin boko, mun gode, amma bai amsa maganar Baban Khalifa kan kamfanin Royal Niger ba, wadda a ganina ita ce ta fi nauyi. Malam ya tsananta. Hajiya ta ba Alhaji haƙuri a fili kafin gobe. Maganar kuɗin gobara ba nan ne wurinta ba, mai tambaya ya same ni a shago a Agege. Barista, ka wuce Apapa ranar Asabar ka taya Alhaji yin abin a wayarsa, kada akawun nan ya ci kuɗinsa.