Dan Allah ta ina ake fara bin salsalar iyali a Amurka? Kakannin matata manoma ne a Kansas

Baban_Hanifa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman wanda ya taɓa yin irin wannan aikin ya ɗora ni a hanya. Ni ɗan Katsina ne amma shekara 14 kenan ina zaune a Wichita jihar Kansas, matata baƙar fatar ƙasar nan ce, Allah ya ba mu 'ya'ya uku. To kwanaki aka ba babbar 'yata aiki a makaranta wai ta rubuto jerin kakanninta, ɓangarena nan take na lissafo mata har kakan kakana da unguwar da ya zauna da sana'arsa tunda mu abin a baki yake tun muna yara tsofaffi ke maimaita mana, amma da aka zo ɓangaren uwarta sai abu ya tsaya cak a kan kakar matata, yarinyar nan ta yi shiru tana kallon rabin takardar babu komai, wallahi abin ya tsaya min a rai har yau.

Tsohuwar tana nan da ranta shekararta 91. Abin da take faɗa kullum shi ne kakanta ya zo Kansas yana ƙaramin yaro tare da iyayensa daga Kentucky bayan an 'yanta bayi, gwamnati ta ba ubansa gona kusa da wani gari da ake kira Nicodemus, kuma wai farkon zuwansu a cikin rami suka zauna ba a gida ba. Tana da wani tsohon Baibul da aka rubuta sunaye da ranakun haihuwa a shafukan farko amma tawadar ta kusa goge, sai hoto guda ɗaya. Ba zan sa sunan gidan a nan ba saboda ban nemi izininsu ba.

Tambayata ita ce da gaske gwamnati ta raba gonaki kyauta a lokacin har da baƙaƙe? In haka ne akwai takardar da mutum zai gani da idonsa? Ko kawai in saya wa matata gwajin DNA ɗin nan a huta? Na gode.

Malam_Gobir

Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Maganar tsohuwa gaskiya ce daga farko har ƙarshe, har zancen ramin. Na taya wani abokin aikina irin wannan binciken kusan shekara biyu shi ya sa zan ɗan tsawaita, ka yi haƙuri.

Akwai dokar da shugaban Amurka Abraham Lincoln ya sa wa hannu ranar 20 ga Mayu 1862 sunanta Homestead Act, ta ce duk magidanci ko wanda ya kai shekara 21 zai iya kama fili eka 160, wajen hekta 65 kenan, ya gina wurin zama ya noma ya zauna shekara 5, in ya cika sai a ba shi takardar mallaka, abin da zai biya gaba ɗaya dala 18 ne kuɗin rajista. Mace marar miji ko wadda mijinta ya mutu ita ma tana iya kamawa. Nicodemus kuwa a 1877 aka kafa shi a gundumar Graham bakin kogin Solomon, yawancin waɗanda suka fara zuwa a 1877 da 1878 daga yankin Lexington da Georgetown na Kentucky suka taso, kuma da yake wurin fili ne fetal ba itacen gini sai suka riƙa haƙa gefen tudu suna rufewa da ƙasa da ciyawa suna zama a ciki, to ka ji ramin da take nufi.

Kada ka fara daga sama, fara daga ita tsohuwar ka dinga komawa baya taki ɗaya ɗaya. Amurka na ƙidayar jama'a duk shekara 10 kuma bayan shekara 72 ake sakin takardun kowa ya gani, ta 1950 ma ta fito tun 2022, a shafin intanet na FamilySearch kyauta ne rajista kawai za ka yi. Nemo ta a 1950 da 1940 a gidan ubanta, sai ka nemo uban yana yaro a 1910 a gidan nasa uban, haka haka. Ta 1900 tana da daɗin aiki don an rubuta wata da shekarar haihuwar kowa, da shekarun da ma'aurata suka yi tare, da yawan 'ya'yan da mace ta haifa da waɗanda ke raye. Ta 1890 kada ka wahalar da kanka, gobara ta lalata ta a Washington a 1921 kusan dukkanta ta salwanta, amma kun yi sa'a jihar Kansas tana yin tata ƙidayar a tsakani, 1875, 1885, 1895 har zuwa 1925, kuma akwai layin da ake tambayar mutum daga ina ya zo Kansas.

Yanzu ga inda naman yake. Ka shiga shafin GLO Records na hukumar filaye ta tarayya ka sa sunan gidan da Kansas da Graham, in uban kakan ya cika shekarunsa biyar za ka ga hoton takardar mallakar da lambar filin, irin lambar da in ka bi ta a taswira za ta kai ka ainihin gonar ka tsaya a kanta da ƙafarka. Amma ita wannan shafi ɗaya ce, abin da za ka nema shi ne fayil ɗin gaba ɗaya da ke National Archives, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Washington, da fom mai suna NATF 84 ake nema. A ciki akwai rantsuwar da mutumin ya yi ranar da ya zo karɓar mallaka, an tambaye shi shekarunsa, yaushe ya tare a filin, su waye iyalinsa, tsawo da faɗin ɗakin da ya gina ƙafa nawa, da me aka gina shi, ƙofa nawa taga nawa, ya haƙa rijiya ko bai haƙa ba, eka nawa ya kafta kowace shekara, masara ce ko alkama, ya taɓa barin filin kuma me ya fitar da shi. Sannan maƙwabta biyu su ma sun zo sun yi shaida, ka riƙe sunayen shaidun nan da kyau don sau da yawa surukai ne ko mutanen da suka taso gari ɗaya a Kentucky. Ranar da na abokina ya iso muka ga inda kakansa ya dangwala alamar X a maimakon sa hannu don bai iya rubutu ba, mutumin nan babba da shi sai da ya fita waje ya yi kuka.

In ba ka ga sunan a GLO ba kada gwiwarka ta yi sanyi, fiye da rabin waɗanda suka kama fili a ƙarƙashin dokar ba su kai ga mallaka ba saboda fari da fara da bashi, amma sunansu na nan a manyan littattafan rajistar filaye da ake kira tract books, su ma akwai hotunansu a FamilySearch.

Maman_Sadiq

Yaya ni ba ni da ilimin takardun nan amma dan girman Allah kafin intanet kafin komai ka je wajen tsohuwar nan satin nan, ba wata mai zuwa ba. Ka kunna rikodin na waya ka ajiye gefe ka bar ta ta yi ta magana kada ka katse ta ko ta maimaita abu sau biyar. Kar ka tambaye ta shekara kaza, tsofaffi ba haka suke tuna abu ba, tambaye ta wa aka sa wa sunan wa, wace coci suke zuwa, ina aka binne kakanta, wa ke zuwa musu ziyara daga nesa, me suke ci lokacin sanyi. Mu kakarmu ta rasu muna ta cewa za mu zauna da ita za mu zauna da ita, yanzu ko sunan garin da aka haifi uwarta babu mai iya faɗa a gidanmu kaf. Baibul ɗin kuma ka ɗauki hoton kowane shafi a hasken rana ba da fitilar waya ba, kuma ka duba tsakanin shafuka mutanen nan suna cusa takardun jana'iza da guntun jarida a ciki.

Dan_Zinder

Sannu Baban Hanifa. Malam Gobir ya gama da Kansas bari in ɗora daga Kentucky domin nan ne za ka ci karo da bango, gara ka sani tun yanzu. Ƙidayar 1870 ita ce ta farko da aka rubuta waɗanda suka fito daga bauta da sunayensu. A 1850 da 1860 an ƙirga bayi amma a wata takarda daban ƙarƙashin sunan ubangidansu, shekaru da namiji ko mace da launin fata kawai, babu suna ko ɗaya. Saboda haka in ka same su a 1870 ka duba wace gunduma suke, ka duba fararen da ke maƙwabtaka da su masu dukiya, amma kada ka ɗauka lallai sunan ubangida suka ɗauka, wasu sun ɗauka wasu sun zaɓi nasu daban.

Abin takaici shi ne sunayensu kafin 1865 a cikin takardun dukiya za ka same su, wasiyya da lissafin kayan mamaci da rabon gado a ofishin akawun gunduma, a jera sunan mutum da kuɗinsa kusa da dawakai da kujeru, ka shirya wa matarka zuciya kafin ka nuna mata. Kentucky ba ta ɓalle ba lokacin yaƙin basasar Amurka shi ya sa shelar 'yanci ta Lincoln ta 1863 ba ta shafe ta ba, sai a Disamba 1865 bauta ta ƙare a can. Amma jihar tana da abubuwa biyu masu amfani, daga 1852 zuwa wajen 1862 an yi rajistar haihuwa har da ta 'ya'yan bayi tare da sunan ubangidan, sannan a 1866 an yi doka waɗanda suka yi zaman aure a cikin bauta su je gaban akawu su bayyana, ana rubuta tsawon shekarun da suka yi tare.

Sai maganar soja. Dubban baƙaƙen Kentucky sun shiga sojan gwamnatin tarayya ta sansanin Camp Nelson, in uban kakan yana ciki kuma shi ko matarsa sun nemi fansho to ka tsinci dami a kala, fayil ɗin fansho kan kai shafi ɗari, mutum na ba da labarin inda aka haife shi da wanda ya mallake shi da wanda ya ɗaura masa aure da bakinsa. Alamar da za ka gane, in ka ga ya samu mallakar gonarsa kafin shekara 5 ta cika to wataƙila tsohon soja ne don ana cire musu shekarun aiki. Ka duba kuma rajistar Freedman's Bank, bankin da aka buɗe wa 'yantattun bayi, a lokacin yana da reshe a Lexington da Louisville, mai buɗe asusu yana faɗin sunan uwa da uba da 'yan uwa.

DNA ka bar shi ƙarshe. Zai iya haɗa ta da dangi masu rai wanda yana da amfani, amma in ya ce kashi kaza Najeriya wannan yanki ne mai faɗi, ba zai ce mata Bahaushiya ce ko daga gari kaza ba, kar a ɗora wa yara abin da takarda ba ta tabbatar ba.

Baban_Hanifa

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Maman Sadiq na bi shawararki ranar Asabar muka je, awa uku tana magana har da waƙar coci ta rera mana, kuma kin yi gaskiya akwai takardar jana'izar ƙanwar babanta a tsakiyar Baibul ɗin. Malam Gobir jiya har ƙarfe 2 na dare ina kan FamilySearch, na bi su lafiya har 1900 sai suka ɓace min a 1880, ashe mai ƙidayar ne ya rubuta sunan gidan da harafi ɗaya daban, da na bar sunan na nemo da sunan matar da shekarun yaran sai ga su, miji da mata da 'ya'ya huɗu duk haihuwar Kentucky sai autar haihuwar Kansas shekara ɗaya. Sana'a an rubuta manomi. Matata ta daɗe tana kallon allon ba ta ce komai ba. A GLO kuma na ga sunan amma guda biyu ne iri ɗaya a gundumar, ya zan gane wanne ne namu kafin in cike fom ɗin?

Malam_Gobir

Masha Allah, ka yi sauri. Ka dubi maƙwabtansu a shafin ƙidayar 1880, gida biyar sama gida biyar ƙasa, sai ka nemi filayen waɗannan a GLO, wanda lambar filinsa ta faɗo kusa da nasu shi ne naku tunda mai ƙidaya gida gida yake bi. Mai yiwuwa ma uba da ɗa ne ko wa da ƙane, in da hali ka nemi fayil ɗin duka biyun. Don sanin yadda gonar ta ƙare kuma sai ofishin rajistar filaye na Hill City hedikwatar gundumar, nan ake ajiye takardun jingina da sayarwa, mutane da yawa sun watse bayan 1888 da layin dogo ya kauce wa garin ya bi ta ƙetaren kogi. In ka kai yaran ka faɗa musu kuma cewa kafin a yanka filayen nan a raba, ƙasar farautar ƙabilun Cheyenne da Pawnee 'yan asalin ƙasar ce aka kore su daga ciki, yana cikin tarihin gonar.

Ka sa ƙarshen watan Yuli a kalanda, duk shekara zuriyar mutanen Nicodemus suna dawowa gida taro daga ko'ina a Amurka, daga Wichita tafiyar awa uku da wani abu ce a mota. Ka tafi da kwafin hoton nan da na shafukan Baibul, in tsohuwa za ta iya zaman mota ku tafi da ita.