Gidauniyar da muka buɗe a Amurka da sunan Hajiyarmu: yaya ake rahoton shekara?

'Yar Funtuwa a Ohio:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san harkar harajin Amurka ya taimaka mini, don an ɗora mini nauyin da ba fannina ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce.

Bayan rasuwar Hajiyarmu, Allah ya jiƙanta, yayanmu babba ya ware dala 400,000 daga dukiyarsa ya buɗe gidauniya da sunanta, don ta zame mata sadaka mai gudana. Shi kaɗai ya zuba kuɗin, ba ma karɓar gudummawar kowa. Amintattu mu uku ne: Yaya, matarsa, sai ni a matsayin ma'aji. Lauyan da ya yi mana rajista shi ya cike takardun shekarar farko, yanzu kuma ya ce aikinsa ya ƙare, mu nemi akanta mu cike fom 990-PF, wato rahoton shekara da gidauniya irin tamu ke miƙa wa hukumar harajin Amurka.

Kuɗin suna cikin hannun jari, Yaya bai yarda da abin da ke kawo kuɗin ruwa ba. Ribar da aka raba mana a bara ta kai wajen dala 11,000. Abin da muka kashe: dala 8,000 aka tura asusun Kawu a gida aka haƙa rijiyar burtsatse, dala 3,500 a kuɗin asibitin marasa ƙarfi da abincin azumi, shi ma ta hannun Kawu, sai dala 2,000 da muka ba wani masallaci a nan Kolumbus mai raba abinci. Bana kuma Yaya yana so mu ɗauki nauyin karatun yara goma, biyu daga ciki marayun ƙanwarmu ne.

Abin da ya ɗaure mini kai: tun da an yafe mana haraji, me kuma za mu biya? Yaushe ne wa'adin? Sannan wani ya ce mini dole a kashe kashi 5 cikin ɗari kowace shekara, ban sani ba ko na ribar ake nufi ko na uwar kuɗin. Kuɗin nan amanar mahaifiyata ne, ba na so a samu tangarɗa a hannuna.

Akanta Ɗan Zango:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya gafarta wa Hajiya, ya kai ladan kabarinta.

Bari in fara da mai sauƙin. Idan shekarar kuɗinku tana ƙarewa 31 ga Disamba, wa'adin fom ɗin 15 ga Mayu ne. Kina iya neman ƙarin wata shida da fom 8868, ya kai ki 15 ga Nuwamba, amma ƙarin na miƙa takarda ne kawai, harajin da ake bin ku sai an biya shi a Mayu. Ta intanet ake turawa yanzu, an daina karɓar na takarda. Kowace gidauniya irin taku sai ta cike shi, ko da ba ta kashe ko sisi ba a shekarar. Jinkiri yana da tara ta kullum, kuma in aka yi shekara uku a jere ba a cike ba, yafewar harajin ta faɗi da kanta ba sai an aiko muku da sammaci ba. Ana kuma aika kwafi ga ofishin babban lauyan jiharku.

Harajin da kike tambaya ɗan kaɗan ne, kashi 1.39 cikin ɗari na ribar jarin bayan an cire kuɗin kula da shi. A kan dala 11,000 bai wuce dala 153 ba. In kun sayar da wasu hannayen jari da riba, ita ma tana shiga lissafi. Tun da bai kai dala 500 ba, ba sai kun riƙa biya kashi-kashi a cikin shekara ba.

Kashi 5 kuma na uwar kuɗin ne. Ana ɗaukar matsakaicin darajar jarin wata-wata, a cire kashi 1.5 a matsayin kuɗin hannu, sannan a fitar da kashi 5 na ragowar. In muka ɗauka jarin ya tsaya a 400,000, ragowar 394,000 ke nan, kashi 5 ɗinsa 19,700, a ɗebe ɗan harajin can. Kun kashe 13,500, saura wajen dala 6,000. Kada hankalinki ya tashi, doka ta ba ku har ƙarshen shekara mai bi ku cike giɓin. Sai dai ki buɗe fom ɗin da lauya ya cike ki duba ko akwai ragowar shekarar farko da ba a kashe ba, don abin da kuka kashe a bara ita zai fara biya. Abin da ya wuce wa'adi ba a raba ba, tararsa kashi 30. In kuma wata shekara kuka zarce, rarar tana bin ku har shekara biyar.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya ki karanta da kyau. Ni a abin da na gani, mutanenmu ba a lissafi suke faɗuwa ba, a kuɗin da ake turawa gida ne da kuma dangi. Dokar nan tun 1969 take, kuma an yi ta ne musamman don kada mai kuɗi ya buɗe gidauniya, a rage masa haraji, sannan kuɗin su zagayo aljihunsa ko na iyalinsa. Saboda haka ba ta duban kyakkyawar niyya, takarda take dubawa.

Na masallacin Kolumbus babu matsala in yana cikin ƙungiyoyin jinƙai da IRS, hukumar harajin Amurka, ta amince da su. Na Kawu ne ke buƙatar aiki. Idan Kawu wakili ne kawai, ya karɓa ya miƙa wa mai haƙa rijiya, to aikin gidauniya ne kai tsaye kuma yana shiga cikin kashi 5. Amma sai kin haɗa shaida: takardar kwangila, rasit, shaidar canjin dala zuwa naira a ranar, hotuna. Tambayata a nan, a ina aka haƙa rijiyar? In a cikin gidanku ne, ko a filin mahaifinku ko na Yaya, magana ta canza. Yaya, matarsa, ke, mijinki, iyayenku, 'ya'yanku da jikokinku duk doka ta hana ku cin moriyar kuɗin nan. Ba rance, ba saye da sayarwa tsakaninku da gidauniya, ba karɓar haya ko da an rage farashi. Ko alkawarin gudummawa Yaya ya ɗauka da bakinsa har ya zama wajibi a kansa, gidauniya ba za ta biya masa ba. Wanda ya taka wannan, shi ake ci tara kashi 10 na kuɗin da abin ya shafa daga aljihunsa, in bai mayar ba ta koma kashi 200.

Kuɗin asibiti da abinci ba sa buƙatar izini tun farko, amma a rubuta wa aka ba, nawa, me ya sa aka zaɓe shi, kuma yana da dangantaka da ku ko babu.

Karatu kuwa kada ku biya ko dala ɗaya tukuna. Tallafin karatu da gidauniya ke zaɓar yaran da kanta sai IRS ta amince da tsarin zaɓen tun kafin a fara, da fom 8940 ake nema. In aka biya ba izini, tarar kashi 20 ce a kan gidauniya, amintaccen da ya sa hannu yana sane shi ma a taɓa shi. Marayun ƙanwarku, a zahirin doka 'ya'yan 'yar'uwa ba sa cikin jerin da na lissafa, amma tsarin zaɓe dole ya zama na adalci, buɗaɗɗe ga kowa. Ta yaya za ki nuna haka alhali kawunsu da innarsu ne masu zaɓen? Shawarata Yaya ya ɗauki nauyinsu daga aljihunsa, zumunci ne kuma ladansa na nan.

Ki nemi akanta wanda ya saba da 990-PF ɗin kansa, ba kowane mai cike harajin albashi ba. Kuɗin aikinsa gidauniya ce za ta biya.

Malam Na Tudun Wada:

Hajiya sannu da ƙoƙari. Ni a Kaduna nake, na daɗe ina aiki da ƙungiyoyin sa-kai, sai in ƙara da abin da ya shafi gida.

Ku daina tura kuɗi asusun mutum ɗaya, ko da kuwa Kawu waliyyi ne. Ba zarginsa nake ba, kare shi nake. Ranar da aka ce an ga dala dubu takwas ta shiga asusunsa, ba za a rasa wanda zai ce ya ci rabi ba, kuma kuɗinsa na cefane da na rijiya sun riga sun gauraya, ba shi da abin da zai wanke kansa da shi. Na ga zumunci ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba.

Hanya biyu ce. Ko ku riƙa biyan ɗan kwangila da asibiti kai tsaye, Kawu ya zama mai sa ido kawai. Ko kuma a yi wa ƙungiya rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, a karɓi takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda banki zai nema wajen buɗe asusu, ya zama sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita. Amma ku sani ita ma tana da nata rahoton shekara a CAC, kuma yafe haraji bai ɗauke mata cike takardun hukumar haraji ba. Mutane da yawa suna rajista da ɗoki, a rataye satifiket a bango, shi ke nan an manta.

Rasit kuma ku nema tun ranar biya. Mai haƙa rijiya in ya kwashe injinsa ya tafi wani gari, sai kin yi ta bin sa a waya.

Akanta Ɗan Zango:

Malam ya yi gaskiya, sai dai in ƙara abu ɗaya. In kuka buɗe ƙungiya a Najeriya, a idon IRS baƙuwar ƙungiya ce, rajistar CAC ba ta isa ba. Ko dai lauya ko akanta mai lasisi ya rubuta cewa daidai take da ƙungiyar jinƙai ta Amurka, ko ku bi tsarin bin sawun kuɗi na sashe na 4945 na dokar harajin Amurka: bincike kafin a ba da, yarjejeniya a rubuce, rahoto daga wurinsu kan yadda aka kashe, ku kuma ku bayyana shi a fom ɗinku har kuɗin su ƙare. Ga ƙaramar gidauniya na biyun ya fi arha. Kuma in gidauniyar ce da kanta ta buɗe asusu a Najeriya har kuɗin ciki suka haura dala 10,000, akwai wani rahoton daban na asusun ƙasar waje.

Baba Mai Carbi:

'Yata, Allah ya yi muku albarka ke da yayanki. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma akwai abin da ɗana ya nuna mini da ya dame ni. Ya buɗe wani shafi, ProPublica, sai ga takardun gidauniyoyi a fili, da sunan mai bayarwa da abin da ya bayar da waɗanda aka ba. Mu abin da muka tashi da shi, hannun hagu kada ya san abin da dama ta bayar. Shin yayanki ya san haka kafin ya buɗe? Kuma talakan da aka biya wa kuɗin asibiti, shi ma sai an tallata sunansa duniya ta gani?

'Yar Funtuwa a Ohio:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na zauna da Yaya muka karanta tare.

Rijiyar ba a gidanmu take ba, alhamdulillahi. Tana bakin makarantar firamare ta unguwa, mai unguwa ne ya nuna wurin, kuma akwai takardar da ya sa wa hannu. Kawu ya ce rasit ɗin ɗan kwangila yana cikin jakar takardunsa, sai dai na tankin ruwa da famfuna ne bai karɓa ba, zai koma shagon. Na asibiti ya rubuta su a littafin makaranta mai layi, suna da adadi da cuta, ya ɗauko hoton shafukan ya turo. Da na ga rubutun hannunsa, da sunayen matan unguwarmu da na sani tun ina yarinya, sai da na yi hawaye. Yaya ya amince marayun za su koma aljihunsa, sauran takwas kuma za mu jira izini.

Baba, maganarka ta taɓa ni. Yaya ya san sunansa zai fito, ya ce bai so ba amma ya haƙura, tun da Alƙur'ani a Baƙara aya ta 271 ya ce bayyana sadaka ma abu ne mai kyau, ɓoyewar ce dai ta fi. Sunayen marasa lafiyar ne ban yarda su fita ba. Waɗannan mata ba su roƙi kowa a bainar jama'a ba. Malam Akanta, akwai hanyar da za a kare su?

Akanta Ɗan Zango:

Tambayar tana da muhimmanci, Malama, kuma gara da kika yi ta kafin a tura. Fom ɗin yana da sashen da ake jera waɗanda aka ba tallafi da suna da adireshi, kuma duk abin da aka rubuta a wurin kowa zai gani. Yadda aka biya kuɗin yana da tasiri a kan yadda za a rubuta su, don kuɗin da aka miƙa wa mutum a hannu daban yake da buhunan shinkafar da gidauniya ta saya ta raba da kanta a matsayin aikinta. Wannan ki sa shi farkon abin da za ki tattauna da akantan da za ku ɗauka, ki kai masa hoton littafin Kawu ya gani, ki gaya masa ƙarara ba kya son sunayen su fita in doka ta ba da hanya. Na gaba kuma ku tsara shi tun kafin azumi: ku ba asibiti ko wata ƙungiya mai rajista kuɗin da yarjejeniya a rubuce, su zaɓi marasa lafiyar da kansu ba tare da kun nuna musu kowa ba. Sunan asibitin ne zai fito a fom, sunayen matan su tsaya a fayil ɗinsu.