Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ta hau kan maganar Marx kuwa?

Ɗan Kurna:
Salam jama'a. Sati uku kenan ina fama da littafin Das Kapital na Karl Marx, kashi na farko da ya fito 1867, fassarar Turanci nake bi a waya tunda asali da Jamusanci ne. Wlh babin farko saura kaɗan in ajiye, mutum ya kama kwat ɗaya da yadi 20 na lilin yana ta juya su kamar mai talla. To amma da na iso wurin mai kaɗa zaren nan da ake biyansa sule 3 a rana, cikin awa 6 ya riga ya samar da abin da ya kai sule 3 ɗin amma sai ya cika awa 12, ragowar awa 6 na mai masana'anta ne, kawai sai na ji bakina ya ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Na ajiye ta a muhallinta ko na yi mata dole?

Baban Hanifa:
Mu a wajenmu "gardi da amsar kuɗi" muke cewa. Kuma saboda yaran yanzu, gardin nan ba na makarantar allo ba ne, mai wasa da kura ne. Na gan su ina yaro ranar kasuwa, kura da takunkumi da sarƙa a wuya, ana kiɗa, in ta ƙi tashi a zuba mata sanda, mutane na jefa kuɗi. Ta hau mana, me ya rage.

Alhajin Kwari:
Baba da girmanka amma ban yarda ba. Kura kamo ta aka yi a daji, ba ta zo neman aiki ba, ba a yi ciniki da ita ba. Yaran shagona da ƙafarsu suka zo kuma duk wanda ya ga dama gobe ya tafi. Sannan wa ya biya haya, wa ya sayo kaya, in gobara ta tashi ko dala ta haura asarar wa? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shi kansa gardin ai hannunsa ne kusa da bakin kura.

Malama Uwani:
Alhaji wannan taka ce ta fi ƙarfi, kuma abin mamaki Marx bai musa maka rabinta ba. Na koyar da wannan a aji. Cewa ya yi ma'aikaci ɗa ne ta fuska biyu: ba bawan kowa ba ne, sannan ba shi da gona ba shi da injin, ba abin da zai kai kasuwa sai ƙarfinsa. Har ya kwatanta cewa bawan Rum da mari ake riƙe shi, ɗan ƙwadago kuwa da zaren da ido ba ya gani. Yaronka zai iya barinka, gaskiya ne, amma gobe sai ya tsaya a ƙofar wani Alhajin. Inda karin maganar ta gaza a ganina wani wuri ne daban. Ita tana nuna zalunci ƙiri-ƙiri, kowa a filin wasa ya ga sanda. Shi kuwa Marx abin da ya sha wahalar nunawa shi ne ko an biya lada cif yadda kasuwa ta yanke, ba cuta ba algus, rarar nan, wato ragowar awa 6 ɗin da Ɗan Kurna ya ambata, tana fita. Matsalarsa da tsarin jari-hujja ce, ko mai jarin mutumin kirki ne mai yawan sadaka lissafin bai canja ba.

Alhajin Kwari:
To Malama kin wanke ni ko kin ƙara shafa min? 😂 Kuma ku tambayi Ɗan Kurna wa ya riƙa ciyar da Marx a Landan. Abokinsa Engels ne, da kuɗin masana'antar auduga ta gidansu a Manchester. Kenan shi ma ya ci kuɗin gardi.

Ɗan Kurna:
Hhh wannan kam gaskiya ne Alhaji, Engels ɗin ne ma ya fitar da kashi na biyu 1885 da na uku 1894 bayan Marx ya rasu 1883. Amma Malama sanda fa tana nan a littafin. Babin tsawon ranar aiki akwai Mary Anne Walkley, yarinya 'yar shekara 20 mai ɗinki a Landan, 1863 ta yi awa 26 da rabi tana aiki ba hutu, su 30 a ɗaki ɗaya ba iska, ta mutu. Kayan 'yan gayu suke ɗinkawa na zuwa rawa.

Maman Sadiq:
Ni ban karanta komai ba, amma na yi shekara huɗu ina ɗinki a ƙarƙashin wata, sati biyun ƙarshen azumi a shago muke kwana, ƙafa ta kumbura a kan keke, ranar sallah a ba ki abin da bai kai kuɗin ɗinkin kala uku ba alhali kin yi sun fi talatin. Kuma a gida ma ana faɗinta, ki yi girkin biki tun asuba a yaba wa uwargida. Ba sai da kuɗi ba.

Baban Hanifa:
Yawwa 'yata, shi ya sa na ce ta hau. Bahaushe bai tsaya auna ko an yi ciniki ba, wanda ya sha wuya da wanda ya kwashe kawai ya duba.

Alhajin Kwari:
Maman Sadiq yanzu da kike da naki shagon, yara nawa ne a ƙarƙashinki?

Maman Sadiq:
Uku. Kai Alhaji ka fiya tsokana wlh.