Idan jirgin Kano zuwa Maradi ya fara aiki, wa zai kwashi mutane daga tasha?

Ɗan Kurna:
Salam jama'a. Tun 2021 aka aza tubalin layin dogon nan na Kano zuwa Maradi, kusan kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Abin da ke damuna, in mutum ya sauka a tasha da kayansa da me zai shiga gari? An yi tanadin bas ne ko adaidaita za a bari da lodin kawai, nan da shekara ashirin fa nake tunani ba gobe ba

Mai Keke:
Wallahi malam ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 rabin abin da na samu a gidan mai yake ƙarewa, na so in maida keken nawa mai amfani da gas, wato CNG, amma wurin shan gas ɗin nesa yake da mu kuma layi ne, ka rasa aikin safe kana jira. Mai caji kuma ina wutar? Sai dai in za a kafa wurin caji na sola a kowace tasha, ka ajiye batir ka ɗauki cikakke ka wuce.

Hajiyar Katsina:
Ɗana ni kaya ne damuwata. Buhun wake in ya hau jirgi ya huta da shingayen hanya, amma fa sai iyaka na buɗe, kun ga yadda rufewar 2023 ta tsayar da kasuwar Jibiya cik.

Ɗan Kurna:
Haka ne Hajiya. Ni dai a ware filin bas tun yanzu kafin shaguna su cinye gaban tashar.